OpenStack da Amazon: Haya ko Injinan Kanka?

A shekarar 2010, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da kamfanin Rackspace suka fitar da OpenStack, manhajar sarrafa tarin manyan kwamfutoci, suka ce kowa ya ɗauka kyauta, ya gyara yadda ya ga dama. A lokacin, shekara huɗu ke nan Amazon yana ba da hayar manyan kwamfutocinsa ta intanet, ka biya gwargwadon abin da ka ci, kuma kasuwa sai komawa wajensa take yi. Da OpenStack kuwa, kamfani zai sayi nasa injinan, ya girke su a gininsa, ya samu irin wancan sauƙin ba tare da ya zama ɗan haya ba.

Manyan kamfanoni suka yi caa a kai. HP har ya buɗe tasa kasuwar hayar don ya kara da Amazon. Bai kai labari ba. A watan Janairun 2016 ya rufe ta.

Nan aka fara yi wa OpenStack jana'iza, amma an yi garaje. Ku leƙa CERN, cibiyar binciken kimiyyar nan da ke kusa da Janeba: da ita suke tafiyar da dubban kwamfutocinsu. Walmart, babban kamfanin kantunan nan na Amurka, ma haka. Wanda aikinsa yake da yawa, kuma ba ya hawa ba ya sauka, haya cin sa take yi. Balle kuɗin fitar da bayanai. Shigar da su rumbun Amazon kyauta ne, jawo su waje kuma galibi da kuɗi, gwargwadon yawan abin da ka jawo.

Sai dai a yi hattara da wannan kyautar. Manhajar ce kawai ba a saya. Faifan ajiya ya mutu ƙarfe biyun dare, injiniyanka ne zai taso daga barci. Duk wata shida sabon tsari ke fitowa, wani sai ya zauna ya ɗora shi ba tare da aiki ya tsaya ba. Ga wuta, ga na'urar sanyaya ɗaki. Ƙaramin kamfani mai ma'aikata biyar, gaskiya, gara ya ci gaba da hayarsa.

Abin da ya sake tayar da zancen shi ne sayen da kamfanin Broadcom ya yi wa VMware, mai sayar da manhajar da kamfanoni da yawa ke tafiyar da injinansu da ita, a ƙarshen 2023. Broadcom ya daina sayar da lasisin manhajar na dindindin, ya koma biyan kuɗi lokaci-lokaci, kamfanoni da dama suka ga kuɗin ya yi tashin gwauron zabi, suka koma neman injiniyoyin da suka iya OpenStack.