Fugazi: Yadda Dala 5 Ta Riƙe Ƙungiyar Kiɗa Shekara 15

Masu kallo, wannan hoton da kuke gani birnin Washington ne na Amurka. A nan, ranar 3 ga Satumban 1987, ƙungiyar Fugazi ta fara hawa dandamali a wani zaure da ake kira Wilson Center. Kiɗansu punk ne, mai ƙara da sauri, mai kayan aiki kaɗan: Ian MacKaye da jita, Joe Lally da jitar bas, Brendan Canty a kan ganguna, sai Guy Picciotto da ya shigo da murya, daga baya shi ma ya ɗauki jita.

Tushen abin ya girmi ƙungiyar. Tun 1980 MacKaye da abokinsa Jeff Nelson suka kafa kamfanin faifai na Dischord, don su fitar da waƙoƙin ƙungiyarsu ta ƙuruciya, Teen Idles. Kwafi 1,000 suka buga. Kwalin faifan kuwa da hannu suka yi shi: a yanka da almakashi, a ninke, a shafa gam. Daga nan suka san kuɗin kowane mataki, har ba wanda zai zo ya yi musu rufa-rufa a lissafi. A Dischord ba a sa hannu a takardar kwantiragi. Idan an cire kuɗin da aka kashe, sai a raba riba tsakanin kamfani da mawaƙa.

Galibi dala 5 Fugazi ke karɓa a matsayin kuɗin shiga wasanninta. To yaya hakan ya ishe su? Ta hanyar rage ɗawainiya. Ba su da manaja, MacKaye ne ke buga waya ya shirya wasa da kansa. Ba su sayar da riga ko hula, saboda haka babu mai tsaron tebur da za a biya, babu kayan da za su cika mota. Fitilun dandamali farare ne kawai. Kuma ƙofa a buɗe take ga kowa, yaro da babba. Wannan sharaɗin shi ya fi wuya, domin yawancin gidajen wasa a Amurka da cinikin giya suke rayuwa, kuma doka ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 21 ba. Idan mai gida ya ƙi, sai su nemi wani zauren daban. Wanda ya zo yana ture mutane a gaban dandamali kuma, sai a tsayar da kiɗa, a miƙa masa dalarsa 5 a ambulan, a nuna masa ƙofa.

Wajen ɗaukar sauti ne aka fi koyon darasi. Faifansu na farko, na 1988, a sitidiyon Inner Ear na Don Zientara aka yi shi, a Arlington. Na biyu kuwa a Landan suka ɗauka tare da mai shirya sauti John Loder, a ƙarshen doguwar tafiyar wasanni a Turai. Niyyarsu cikakken kundi ce, amma gajiya ta bayyana a sautin, dole suka tace, suka bar waƙa 6 kacal a faifan da suka sa wa suna Margin Walker. Aka haɗa faifan biyu a 1989 suka zama 13 Songs. Sai Repeater a 1990. A kundin Steady Diet of Nothing na 1991 sun jagoranci aikin da kansu, kowa na kunyar taɓa sautin ɗan'uwansa, shi ya sa kundin ya fito a bushe, ba nauyin da ake ji a wasansu na fili.

Wani darasin kuma shi ne na kundin In on the Kill Taker. Sun je Chicago sun ɗauka da Steve Albini, injiniyan da ake ji da shi, amma da suka saurara ba wanda ya gamsu, har shi Albini ɗin. Suka ajiye aikin gaba ɗaya, suka koma Inner Ear da mai shirya sauti Ted Niceley suka sake daga farko. Ya fito a 1993, lokacin da manyan kamfanoni ke rububin irin wannan kiɗa. An yi musu tayi, sun ƙi. A ganinmu wannan ne ya ba su damar yin Red Medicine na 1995 da End Hits na 1998 yadda suke so, da sassauta gudu da gwaje-gwajen sauti, ba mai tsaya musu a ka.

Kundin ƙarshe, The Argument, ya fito a 2001. Wasanninsu na ƙarshe a Landan suka yi, a Nuwamban 2002, bayan wasa sama da 1,000 da ba su taɓa rubuta jerin waƙoƙin da za su yi ba. Da ido da sautin jita suke sanar da juna wadda za ta biyo baya. Fiye da 800 na waɗannan wasanni an naɗe su, kuma tun 2011 Dischord ta fara sanya su a intanet, a kan farashin da ta ba da shawara, dala 5 kowanne.