Darasi: yadda ake riƙe manet a Nintendo Switch Sports

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram. Yau wasan da ke gabanmu shi ne Nintendo Switch Sports, ya fito a watan Afrilu 2022, magajin Wii Sports na 2006 ke nan ga waɗanda suka san shi. Yanzu na fara taɓa shi kuma wallahi ya shiga raina, don ba irin wanda za ka miƙe kan tabarma kana ta latse-latse da babban yatsa ba ne, tashi za ka yi tsaye, yadda ka kaɗa hannu haka ɗan wasanka zai kaɗa a tele.

To kun ga wannan 'yar manet ɗin, Joy-Con ake ce mata. Kafin komai ku sa igiyarta a wuyan hannu ku ja ta kama, don Allah kar ku raina wannan, da zafin garin nan hannu na yin zufa sai ta suɓuce ta nufi tele. Ku ɗaga kai ku duba fanka, ku janye yara gefe.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ƙarfi bai da amfani a nan. Akwai 'yan na'urori a cikinta masu jin saurin hannu da yadda ya karkata, to karkatar da lokacin bugu su ne aikin. A tanis misali ɗan wasan da kansa yake gudu, kai dai bugu ne naka, in ka yi da wuri ƙwallon ta nufi gefe guda, in ka ɗan jinkirta ta nufi ɗaya gefen.

Amma wanda ya fi kama ni shi ne Chambara, wasan takobi na Japan, ku biyu kan dandamali ruwa a ƙasa, wanda aka tura ya faɗa ya sha kaye. Ku duba hannuna da kyau. Na danne maɓallin ZR da ke jikin manet, na tare sara ke nan, in na tsayar da manet takobin ya tsaya, in na kwantar ya kwanta. To in abokin karawarka ya tsayar da nashi, kar ka sare shi ta gefe, zai tare kuma kai ne za ka yi tangaɗi ya samu damarka, daga sama za ka sauko mishi. In ya kwantar sai ka bi ta gefe. Kamar dai 'yan kokowa a fili, kallon-kallo ya fi yawa, mai gaggawa shi ke faɗuwa, ni wannan natsuwar ce ta sa nake ganin har manya za su so shi.

Ƙwallon ƙafa kuwa akwai maɗauri da ake ɗaura manet a cinya ka yi shuri da gaske, sai dai yana son wuri, ƙaramin ɗaki ba zai yi ba. Golf da basket daga baya aka ƙaro su kyauta.

Wasa da mutanen waje yana buƙatar biyan kuɗin Nintendo Switch Online da rezo mai kyau, amma a gida wasu wasannin har mutum huɗu kan tele guda ba sai da intanet ba. Yanzu ƙanena zai ɗauki ɗaya manet ɗin, ku kalli yadda zan tare saran farko.