Darasi: Yadda Ake Gane Ambar Gaske Mai Ƙwaro a Ciki

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan da ke hannuna ita ce amba, wadda Larabawa ke kira kahraman, har carbi ake yi da ita. Ƙaron bishiya ne da ya tsiyayo, ƙwaro ya maƙale a ciki, ƙasa ta binne shi har ya taurare. Ta bakin tekun Baltik, musamman yankin Kaliningrad na Rasha, ta kai shekara miliyan 40. Ta Jamhuriyar Dominika miliyan 15 zuwa 20. Ta kwarin Hukawng a Myanmar kuwa wajen miliyan 99, sai dai daga yankin yaƙi take fitowa, shi ya sa masana da yawa ke gudun sayenta.

To, jabu ya cika kasuwa, don haka kada ku biya kafin ku gwada.

Ku narka gishiri giram 200 a ruwa lita ɗaya, ku jefa ta. Kun gani? Ta taso. Gilashi da yawancin roba nitsewa suke. Amma kada ku tsaya nan, domin kofal, wato ƙaron da bai tsufa ba, irin na Kolombiya da Madagaska, shi ma yana tasowa. Abin da ke tona masa asiri shi ne asiton, ruwan goge jan farce. Ɗigo ɗaya a gefen da babu ƙwaro, ku bari ya bushe, ku taɓa. In ya yi danƙo, kofal ne. Amba ba ta ko gezau. Sannan ku kashe fitila ku haska ta da tocilan duba kuɗi: ta gaske tana ba da haske shuɗi-shuɗi ko kore-kore.

Yanzu ƙwaron kansa, nan ne aka fi cutar mutane. Ku matso da gilashin ƙara girma. Dubi wannan ɗan ƙudan, bai kai milimita 3 ba, fiffike ɗaya a lanƙwashe, ƙafa ta gutsure, ga wani farin hazo a jikinsa. Haka na gaske yake, domin sai da ya yi fafutukar kuɓuta. A ta Baltik za ku ga ƙananan gashin itacen oak masu siffar tauraro warwatse. In kuka ga ƙatuwar kunama zaune daram a tsakiya, ƙafafu a shimfiɗe tsaf, kada ku saya. Wasu ma ambar gaske suke tsagawa, su rarake, su sa ƙwaron yau, su liƙe. Ku juya ta a haske ku nemi layin haɗi. A 1993 an gano irin wannan ƙuda na jabu a gidan tarihin halittu na Landan, bayan ya daɗe ana ɗaukarsa na gaske.

Wajen gogewa, sanfefa mai lamba 600, sai 1000, sai 2000, kullum da ruwa, domin zafi yana tsattsaga ta. Ku riƙa dubawa kada ku cinye ƙafar ƙwaron. Ajiya kuma a akwati mai duhu, nesa da rana da turare.