Daga bakin kogin Thames zuwa kududdufan kuza na Bukuru

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Mutanen gida, Jasawa, na Gangare da Dilimi da Anguwan Rogo da Rikkos har Bukuru, ina gaishe ku da kyau. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, tana bugun wayar. Yau ba a garin da nake zaune nake ba. Na sauko kudu ne, garin Reading, wajen sunan ɗan wani abokina. Da aka watse na ce sai na fito bakin ruwan nan na nuna muku wani abu da ya daɗe yana ci min rai.

Bari in juya kamarar. To, ga shi. Wannan shi ne kogin Thames, wanda ya ratsa tsakiyar Landan. Ku dubi fararen agwagin can, ku dubi ƙananan jiragen ruwa a ɗaure, ga ciyawa kore shar. Wanda ya ga hoton nan a Facebook zai ce ai waɗannan sun gama da duniya. Amma ni da kuke gani ba zan yi alwala da ruwan nan ba, kuma da yawa daga cikin 'yan garin ba sa barin 'ya'yansu su shiga, musamman bayan an yi ruwan sama. Dalili kuwa, ƙazantar bayan gida ake sakowa a ciki, ɗanya, ba a tace ba. Hukumar kula da muhalli ta ƙasar nan da kanta ta fitar da lissafi cewa a shekarar 2023 kaɗai kamfanonin ruwa sun yi awa miliyan 3.6 suna zubar da ita a koguna da teku a faɗin Ingila. A 2024, da aka zo tseren kwalekwale da jami'o'in Oxford da Cambridge suka saba yi duk shekara, sai da aka gargaɗi 'yan wasan kada su faɗa ruwan, saboda ƙwayoyin cuta.

Ga yadda abin ya faro. A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar da hukumomin ruwan Ingila da Wales ga 'yan kasuwa. Kafin ta miƙa musu sai da ta yafe bashin da ke kansu, ta ba su fes. Hujjar da aka kawo a lokacin ita ce gwamnati ba ta da kuɗin gyara, ɗan kasuwa shi zai zuba jari, ya sauya tsofaffin bututu, ya faɗaɗa matatun ƙazanta. Aka kafa hukuma mai suna Ofwat ta riƙa sa musu ido.

Shekara talatin da 'yan kai bayan nan, kamfanonin sun raba wa masu hannun jari riba sama da fam biliyan 70, kuma suna ɗauke da bashin da ya haura fam biliyan 60. Ku riƙe lissafin nan a ranku: sun karɓi kaya babu ko sisi na bashi. Thames Water, wanda ke kula da ruwan mutum kusan miliyan 16, ya kasance a hannun wani kamfanin zuba jari na Ostireliya, Macquarie, daga 2006 zuwa 2017. A tsakanin nan bashinsa ya tashi daga fam biliyan uku da wani abu zuwa sama da biliyan goma. Suka sayar da kasonsu suka kama gabansu. Bashin ya tsaya a wuyan kamfanin, wato a wuyan mai buɗe famfo.

Ni ban ga laifin neman riba ba. Mahaifina ɗan kasuwa ne, yana da shago a kasuwar Taminus har gobarar 2002 ta cinye ta, da ribar shagon nan aka yi mana makaranta. Amma Baba ya san cewa in rufin shago na yoyo, kafin a kai kuɗi gida sai an fara sayen kwano. Mutumin da ya sayi kamfani da niyyar ya sayar nan da shekara takwas ko goma, me zai haɗa shi da bututun da sai bayan shekara arba'in zai biya kuɗinsa? Shugaban kamfanin ma ana auna shi ne da rahoton da yake bayarwa duk 'yan watanni, garaɓasarsa na rataye da farashin hannun jari. In ya kashe kuɗi a kan matatar ƙazanta, wanda zai gaje shi ne zai ci yabo. In ya ciwo bashi ya raba riba, yau ɗin nan za a tafa masa. Shi ya sa tun madatsar Carsington da aka buɗe a 1992 ba a sake kammala wata babbar madatsar ruwan sha a Ingila ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da aka tace yana tsiyayewa a ƙasa kafin ya isa gidan kowa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina Ofwat take duk tsawon shekarun nan? Tana nan, da ofis da ma'aikata da rahotanni. A gabanta aka yi ta tara bashin. Har ma wadda ta taɓa shugabantar hukumar ta koma aiki da Thames Water daga baya, ta riƙe shi na wucin gadi a 2023. Doka ba ta hana ba, amma ku gaya min, alƙalin da yake hangen gobe zai nemi aiki a wajen wanda yake yi wa shari'a, wane irin hukunci zai yanke? Sai a watan Mayun 2025 aka ci kamfanin tarar kusan fam miliyan 123, a kan ƙazanta da kuma raba ribar da bai kamata ba. Bayan wata biyu gwamnati ta ce za ta rushe hukumar ma gaba ɗaya ta kafa wata. Kafin nan kuwa, a watan Afrilu, an riga an ƙara wa magidanta kuɗin ruwa da kusan kashi 26 cikin ɗari. Ni ma takardar kamfanin yankinmu ta iso ni can arewa inda nake. Na zauna a kicin na karanta ta sau biyu, an rubuta min cikin ladabi cewa ƙarin na gyaran bututu ne. Gyaran da aka ce an sayar da hukumar domin a yi shi tun ina goye.

Bari in ɗan matsa, masu keke na wucewa.

Ba ruwa kaɗai ba ne. Kun tuna jirgin Habasha da ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019, jim kaɗan da tashinsa daga Addis Ababa? Mutum 157, cikinsu har da 'yan Najeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. Ƙasa da wata biyar kafin nan irinsa ya faɗi a Indonesiya da mutum 189. Kamfanin Boeing da ya ƙera su ya kashe sama da dala biliyan 40 tsakanin 2013 da 2019 wajen sayen hannun jarin kansa don farashinsa ya hau, hukumar jiragen sama ta Amurka kuma ta bar wa ma'aikatan kamfanin wani babban ɓangare na tantance lafiyar jirgin. An ba kura ajiyar nama.

To, abin da ya sa nake kiran sunan Jasawa tun farko, mu ba baƙin wannan labari ba ne. A cikinsa aka haife mu.

Kakana na wajen uwa, Allah Ya jiƙansa, daga ƙasar Kano ya taso yana saurayi ya zo aikin kuza. Ya zauna barikin Bisichi, daga baya ya koma Bukuru. Ina yaro yakan sa ni in taɓa tsakiyar kansa, wurin ya yi kanta, gashi bai sake fitowa ba, saboda shekarun da ya yi yana ɗaukar kwanon ƙasa daga ƙasan rami zuwa sama. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa ke haƙar kuza a tudun Jos. Dominta aka jawo layin dogo daga Zariya, dominta aka kafa NESCO a 1929 ana samar da lantarki daga ruwan Kurra, har Jos ta riga garuruwa da yawa ganin wuta. Manyan kamfanoni irin su ATMN suka kawo injuna masu yashe ƙasa kamar ana kwasar tuwo. Kuza ta hau jirgi ta tafi, riba ta sauka a Landan, nan bayan wancan lanƙwasar kogin in ka bi shi gabas. Da arzikin ya ja baya, farashi kuma ya rushe a kasuwar duniya a 1985, sai aka naɗe tabarma.

Me aka bar mana? Duk wanda ya bi hanyar Rayfield ko Barikin Ladi ya gani. Ɗaruruwan kududdufai, ruwa shiru, ba ka ganin ƙasansa, gefe tsaye kamar bangon rijiya, ga tulin jar ƙasa da ko ciyawa ba ta son fitowa a kai. Gaskiya ne masu lambu na jan ruwan wasu da rani, kabeji da tumatir da karas da muke ci da yawa daga nan suke, kuma an mai da na Rayfield wurin shaƙatawa. Amma babu unguwar da ke kusa da kududdufi da ba ta san makokin yaro ba. Mu ma akwai wanda muka yi allo tare, ranar wata Alhamis ya bi yara wanka, sai washegari aka ciro shi. Hajiyarmu har yau in ta ji an ce wani jikanta ya nufi wajen, sai ta ajiye abin da ke hannunta. Wanda ya haƙa ramin ya ci ribarsa ya mutu, jikokinsa sun gaji gidaje, cike ramin kuma ba a tilasta wa kowa ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce wanda ya haƙa ya gyara ƙasa bayan ya gama. Ku da ke gida ku ne shaida ko ana bi, ku ne kuke ganin sabbin ramukan loto, na masu haƙa da hannu, suna ruftawa da samari.

Sai wuta. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka fara miƙa kamfanonin raba lantarki na Najeriya ga 'yan kasuwa, guda 11 aka yanka su, da irin alƙawarin da aka yi wa Turawan nan a 1989: za su zuba jari, za su sa mita, wuta za ta zauna. Da yawa cikin masu sayen da bashin banki suka saya, don haka kuɗin da ya shigo bashi ya fara bi, ba waya da taransifoma ba. Har ta kai bankuna sun karɓe wasu, na Abuja a ƙarshen 2021, na Kano da Kaduna a 2022. Fiye da shekara goma ke nan, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar, kusan rabin masu amfani da wuta ba su da mita, sai bil na ƙiyasi. A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki, NERC, ta amince a ɗaga kuɗin 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ce sun fi samun wuta, daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma wa zai tsaya a kan mai askin?

Kuma ta nan ne tattalin arziki ke zubewa, ba da rugugi ba, a hankali. Ƙanena tela ne, yana da keken zamani uku da yara huɗu masu koyo. Bara da azumi ya kira ni, na ji janareto na kuka a bayansa, ya ce, "Yaya, wallahi kuɗin mai ya fi kuɗin ɗinkin." Ya sallami yara biyu, ya jingine keke ɗaya ya lulluɓe shi da zani. Mai walda na layinsu ya koma acaɓa. Matar da ke sayar da ƙanƙara ta sayar da firjin. Babu jaridar da za ta buga wannan, amma sana'a uku ke nan a layi ɗaya. Nan Ingila ma haka yake tafiya, sai dai da kwat: a wajen Cambridge an yi ta jinkirta gina dubban gidaje saboda babu tabbacin ruwan da za a ba su. Ba gida, ba ma'aikata, ba sabon kamfani.

Wani zai rubuto min a ƙasa ya ce to a mayar wa gwamnati mana. Na san NEPA, na yi karatun jarrabawa da aci-balbal a zamaninta, ba zan yi muku ƙaryar cewa aljanna ce ba. Amma Scotland ba ta sayar da ruwanta ba, kamfanin Wales kuma tun 2001 ba shi da masu hannun jarin da ake raba wa riba, rarar da aka samu cikin aikin take komawa. Su ma suna da nasu laifin ƙazantar, ban wanke su ba. Abin da nake so mu riƙa tambaya, duk ranar da aka ce za a sayar da wani abu namu ko a ba da jinginarsa, ruwa ne ko filin jirgi ko ma'adinai: da kuɗin wa zai saya, shekara nawa zai zauna, nawa aka rubuta zai kashe a gyara, kuma wa zai ƙwace in ya saɓa? Ku tambayi ɗan majalisarku wannan in ya zo gaisuwar Sallah, a gaban jama'a, ku ɗauka a waya.

La'asar ta kusa, kuma jirgin ƙasana ƙarfe biyar ne. Na roƙi ƙanena ya hau mota ya je Bukuru ranar Asabar ya ɗauko min kududdufin da ke bayan tsohon gidan kakanmu, daga nesa, na ce kada ya kuskura ya matsa bakin. In ya turo zan haɗa shi da wannan ruwan ku gan su gefe da gefe. Wanda kuma kakansa ya yi aikin kuza, a Bisichi ne ko Dorowa ko Gana Ropp, ya turo min abin da ya ji daga bakinsa, ina tattarawa. Hajiya, na san za a nuna miki wannan, na sa rigar sanyin, ga ta. Sai na kira da dare.