Haɗa makin SAT daga zama biyu: jawabi ga iyayen yara

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, malamai, iyayenmu mata da maza, barkanmu da wannan zama.

Kowa ya san yadda ake yi a gida: yaro ya ci Turanci a WAEC, lissafi ya kayar da shi, sai ya cike da NECO, a haɗa takardun a nemi jami'a. To, nan Amurka ma akwai ɗan'uwan wannan a jarrabawar SAT, suna ce masa superscore.

SAT kashi biyu ce, karatu da rubutu, sai lissafi, kowanne daga maki 200 zuwa 800. A ce yarinya ta zauna a Maris, ta ci 640 a karatu, 580 a lissafi, jimla 1220. Ta koma a Agusta, lissafi ya haura 670, karatu ya zame zuwa 600, jimla 1270. Jami'ar da ke haɗawa za ta ɗauko 640 na Maris da 670 na Agusta, ta rubuta mata 1310.

Ga inda ake tuntuɓe. Jami'a ce ke yin haɗin, ba College Board mai shirya SAT ba, kuma da abin da aka aika mata za ta yi aiki. Uba ya ga 1270 ya fi 1220, ya aika na Agusta kaɗai, shi ke nan maki 40 sun bi ruwa. Ku aika zaman biyu. ACT kam, ɗaya jarrabawar neman jami'a, tun 2021 ita ke fitar da haɗin da kanta, sai dai ba a cakuɗa ta da SAT.

Kuma kowace jami'a da nata tsarin. MIT tana haɗawa. Georgetown tana son ganin duk zaman da yaro ya yi, saboda haka kada ya yi wasa da kashin karatu da rubutu wai shi lissafi kawai ya zo gyarawa. Jami'ar Kalifoniya ba ta ma duba makin. Masu ba da tallafin karatu kuwa, wasunsu makin zama ɗaya suke karɓa, sai a tambaya tun da wuri.

Lokaci ma abin lura ne. Neman gurbi na wuri yakan rufe 1 ga Nuwamba, sakamako kuma yana ɗaukar kamar mako biyu. Yaro ya fara zama yana aji 11, ya maimaita a Agusta ko Oktoba. Wanda kuɗin rajista ya yi wa nauyi, ya ga mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu, ana yafe wa masu ƙaramin ƙarfi har zama biyu.

Na gode. Wassalamu alaikum.