An ce 3.25 a Dakar, banki ya ce 12 a Tawa: ina sauran ya fito?

[Hoto: ana loda buhunan albasa a babbar mota da sassafe]

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tun da babban bankin BCEAO ya rage kuɗin ruwa zuwa kashi 3.25 cikin 100 a watan Yunin 2025, tambaya ɗaya ake ta turo mini, daga cikin garin Tawa har Galmi da Madawa: tun da an rage, don me in na je neman bashi ake ce mini 11 ko 12? Har wasu sun yanke hukunci, wai an ɓoye ragin ne ana ci da gumin talaka. Tambayar tana kan hanya. Amma akwai wata kasuwa a tsakani da yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba, can amsar take.

Bari mu yi sauri da abin da kowa ya sani. BCEAO tana Dakar, ita ke buga sefa ga ƙasashe 8, har da Nijar. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Aikinta shi ne kada tsadar kaya ta wuce kashi 3 a shekara. Da farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2022, ta riƙa ƙara kuɗin ruwa kaɗan-kaɗan, daga kashi 2 har ya kai 3.5 a Disambar 2023. Da ƙura ta lafa, ta sassauta da kwata.

To wannan 3.25 ba da ni da kai ake ba. Farashin sari ne, na bankuna kaɗai, bashi ne na mako guda, kuma sai banki ya ajiye jingina. Nan ma ake fara tayi, in bankuna suka yi cunkoso sai ya hau. Yawancin abin da banki ke ba da bashi da shi ma ajiyar jama'a ce, ba kuɗin Dakar ba.

[Hoto: rudu cike da albasa, mai ita yana tsince ruɓaɓɓu]

Yanzu a tsaya a nan, don nan ne ake ɓacewa.

Ga Alhaji mai albasa. Yana son miliyan guda ya sari albasa lokacin girbi, da arha, ya jibge a rudu ya jira ta yi daraja. Ya shiga banki, ya zauna gaban mai ba da bashi. Alhaji yana ganin shi kaɗai ke neman wannan miliyan. Ina! Akwai wani babban mai nema da ya riga shi sallama, wato baitulmalin gwamnati.

Gwamnati ma cin bashi take yi, don albashi, don hanyoyi, don biyan tsohon bashi. Ba ta bin bankuna ɗaya bayan ɗaya, gwanjo ake buɗe mata. Hukumar UMOA-Titres, da aka kafa a 2013, ita ce dillaliyar. Gwamnati takan fito da takarda mai cewa: duk wanda ke riƙe da wannan, bayan wata 12 zan ba shi miliyan guda cif. Sai a ce wa bankunan ƙasashen nan 8, ku taya.

[Hoto: hannu yana rubuta lissafi a kan kwali]

Ku duba allon nan, misali ne nake yi. Banki ya taya jika 970. Shekara ta zagayo ya karɓi jika 1,000, wato miliyan. Ribarsa jika 30, kusan kashi 3 ke nan. Wani lokacin kuma bankuna su noƙe, ko don kuɗi ya yi ƙaranci a hannunsu, ko don suna ɗari-ɗari, sai tayin ya faɗo jika 910. Takardar ita ce dai, miliyan ɗin shi ne dai, amma riba ta zama jika 90 a kan jika 910, kusan kashi 10.

Kun ga abin? Da takarda ta yi arha, kuɗin ruwa ya hau. Da ta yi tsada, ya sauka. Duk wanda ya taɓa kai rago kasuwar dabbobi bayan Layya ya san wannan: ragon bai rame ba, masu saye ne suka ja baya. A ainihin gwanjon bankuna kashi suke rubutawa, ba jika ba, amma lissafin ɗaya ne.

Kuma ba gwamnan BCEAO ne ya yanke wannan farashi ba, masu tayi ne.

Mu a Nijar mun ga wannan da idonmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka ƙaƙaba takunkumi, aka rufe wa ƙasar ƙofar wannan kasuwa. An ɗage shi ranar 24 ga Fabrairun 2024, a watan Afrilu Nijar ta koma gwanjo, kuma kuɗin ruwan da ta biya a takardar shekara guda ya haura kashi 9. A lokacin farashin BCEAO yana 3.5.

[Hoto: teburin banki, takardu biyu gefe da gefe]

To ka zauna kujerar mai bankin. A dama takardar gwamnati, kashi 9. Ba sai ka tura yaro a babur ya dubo ta ba, ba ta jin ruwan sama. Babban abin ma, kana iya ɗaukarta ka kai wa BCEAO jingina ka samo kuɗin sari. A hagu kuma ga Alhaji, mutumin kirki, kowa ya shaide shi. Amma albasa tana ruɓewa a rudu, iyaka tana iya rufewa mota ta kwana goma a hanyar Abijan, kuma BCEAO ba ta karɓar buhun albasa jingina, ko da ƴar Galmi ce mai jan kunne. Don Allah nawa za ka ce wa Alhaji? Daga 9 za ka fara, ka ɗora kasada, ka ɗora albashin ma'aikata da ribar gida. Ga 12 ta fito.

Ni abin da ke ci mini rai shi ne, duk miliyan da ta tafi takarda, ba ta je gonar albasa ba. Ban ce gwamnati ta daina neman kuɗi ba, dole malami da soja su karɓi albashi. Amma a ƙasar da noma da kiwo ke riƙe da yawancin gidaje, ya kamata a ce sakamakon gwanjon nan ana karanta shi a rediyo da Hausa, kamar yadda ake faɗin farashin tiyar hatsi. Shi ke nuna ko bashi zai yi sauƙi, fiye da sanarwar Dakar.

[Hoto: cikin kasuwar Tawa, mata masu ƙananan sana'o'i]

Na san akwai masu cewa duk wannan riba ce wadda addini ya hana, ba ruwansu. Wannan fagen malamai ne, kuma akwai hanyar murabaha, wato banki ya sayo kayan ya sayar maka bashi da ribar da kuka amince a kai. Sai dai shi ma mai murabaha yana kallon wannan kasuwa kafin ya faɗi ribarsa.

Saura abu ɗaya, ku riƙe shi da kyau. A 2014 an kafa iyaka: kashi 15 ga bankuna, 24 ga ƙananan gidajen bashi. Iyakar a kan jimilla take, kuɗin ruwa da kuɗin takarda da sauran caje-cajen da aka ɗora, shi ake kira TEG. In aka ce maka kashi 2 ne kawai, tambayi: a wata ko a shekara? Kashi 2 a wata, 24 ne a shekara. Kafin ka sa hannu, ka ce a nuna maka TEG a rubuce, ka ɗauki hotonsa da waya, ka kai gida ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka.

[Hoto: yatsa a kan layin TEG, kyamara ta matso]