Kiɗan Kantiri a Saman Jadawalin Billboard

Hauwa: Masu sauraro, assalamu alaikum. Yau ina tare da Malam Sani da Aminu, za mu tattauna kan kiɗan kantiri na Amurka, wanda cibiyarsa ke birnin Nashville, da yadda kundayen waƙoƙinsa suka mamaye jadawalin Billboard 200, wato jerin kundaye 200 da suka fi kasuwa a Amurka. Malam, ta ina wannan nasara ta faro?

Malam Sani: Malama Hauwa, ni a ganina ta faro ne daga 1991. Kafin shekarar, mujallar Billboard tana dogara ne da rahoton da masu shagunan faifai ke ba ta, kuma sau da yawa rahoton yakan fifita kiɗan da ake yayi a manyan birane. Da aka kawo tsarin SoundScan, wanda ke ƙirga kowane faifai a daidai lokacin da aka biya kuɗinsa, sai ta bayyana cewa mutanen karkara da ƙananan garuruwa sun daɗe suna saye, ba a dai lissafa su yadda ya kamata. A shekarar ce kundin Garth Brooks mai suna Ropin' the Wind ya zama na farko a kiɗan kantiri da ya shiga jadawalin kai tsaye a matsayi na ɗaya, ya kuma yi makonni 18 a wurin.

Aminu: Haka ne, Malam, sai dai ƙirgar ta sake sauyawa a ƙarshen 2014, lokacin da aka fara lissafa sauraro ta intanet, inda sauraro 1,500 ya zama daidai da sayen kundi guda. Tun daga nan, duk wanda ya yawaita waƙoƙi a kundinsa ya yawaita damarsa. Morgan Wallen ya saki Dangerous a 2021 da waƙoƙi 30, ya riƙe matsayi na ɗaya makonni 10 a jere, sannan a 2023 ya fito da One Thing at a Time mai waƙoƙi 36, wanda ya kai makonni 19 ya wuce tarihin Garth Brooks. Abin da ke damuna shi ne, kundin da ya kusa awa biyu da wuya a zauna a saurare shi daga farko har ƙarshe, alhali a dā mawaƙi kan tace waƙoƙinsa ya bar goma ko goma sha biyu mafi ƙarfi.

Malam Sani: Ban musa maka ba, Aminu, amma yawan waƙoƙi kaɗai ba ya riƙe mutum a sama wata da watanni. Waƙar Morgan Wallen mai suna Last Night ta yi makonni 16 a saman jadawalin Hot 100 na waƙoƙi ɗai-ɗai, kuma ita waƙa ce guda ɗaya tak. Dole akwai masu komawa gare ta kullum saboda tana taɓa zuciyarsu, kamar yadda muryar mawaƙin kantiri Don Williams ta daɗe tana ratsa masu sauraron rediyo a Najeriya.

Hauwa: Ni kuwa batun Beyoncé ne ya fi tsaya mini a rai. A 2024 kundinta Cowboy Carter ya hau saman Billboard 200, kuma ta zama baƙar fata mace ta farko da ta jagoranci jadawalin kundayen kantiri, duk da cewa banjo, ɗaya daga kayan kiɗan wannan salo, asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, bayin da aka kai Amurka su ne suka tafi da iliminsa. Da wannan nasara duka, ƙungiyar masu harkar kiɗan kantiri ta CMA da ke Nashville ba ta saka sunanta cikin ko rukuni ɗaya na kyaututtukanta ba a shekarar.

Aminu: Amma Yaya Hauwa, a farkon 2025 ta karɓi kyautar Grammy ta kundin shekara da ta kundin kantiri mafi kyau.

Hauwa: Ta karɓa, Aminu, kuma na yi murna ƙwarai. Sai dai masu zaɓen Grammy sun fito ne daga kowane fannin kiɗa, su kuwa na CMA mutanen masana'antar kantiri ne, kuma amincewarsu ce ba ta samu ba.